Yadda aka ba ni zaɓi a jinyar ciwon damuwa a Damagaram

A Damagaram yawancinmu mun tashi da fahimtar cewa aikin majinyaci a gaban likita shi ne ya faɗi inda ke masa ciwo, ya karɓi takardar magani, ya yi godiya ya fita, kuma duk wanda ya tsaya yana tambayar dalili ana masa kallon mai raina ilmin manya. Da wannan fahimta na rayu har na haura shekara 40 ina koyarwa a wata lakwal da ke kan hanyar Miriya, kafin ciwon damuwa ya kama ni bayan rasuwar ƙanena, Allah ya jiƙansa. Jinyar da na yi ta bi ta hannun ma'aikatan lafiya biyu masu hali daban, ɗaya ya yanke mini hukunci shi kaɗai, ɗayan kuma ya riƙa tambayata a kowane mataki, kuma bambancin da na gani tsakaninsu shi ne ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana.

Ƙanen nawa ya rasu ne a haɗarin mota, ya bar mata da ƙananan yara da kuma bashin kayan shago a kasuwar Dole, kuma duk wannan nauyi ya faɗo kaina da kan yayanmu. Bayan an share makoki na ɗauka lokaci zai rage mini zafin, amma sai abin ya riƙa ƙaruwa. Nakan farka tun kafin kiran assalatu da nisa in kasa komawa barci, abinci ya fita raina, nakan tsaya a gaban allo in manta abin da nake shirin rubutawa, kuma na daina zuwa fadarmu ta shayi, wadda tun ina saurayi ban taɓa ƙaurace mata ba sai da dalili.

Da farko na je wani ƙaramin gidan likita na unguwa. Wanda na tarar ya saurare ni a tsaye, ya auna mini tansiyo, ya ce gajiya ce da tunani, ya rubuta wata ƙwaya ya ce in riƙa sha da dare. Bai faɗa mini sunanta ba, bai faɗi tsawon lokacin da zan sha ba, bai kuma tambaye ni aikin da nake yi ba. Na sha, barci ya zo, amma ya zo da nauyin da ke bin mutum har hantsi, ga bushewar baki da jiri idan na miƙe. Ni kuwa da sassafe nake hawa moto in kama titin da manyan motoci ke bi, kuma wata safiya na ji idona ya rufe ina tsakiyar tafiya, sai ƙahon wata babbar mota ne ya farkar da ni. A ranar na ajiye ƙwayar, kuma ban koma wurinsa ba. Daga baya na san cewa amitiriftilin ce, magani ne na gaskiya da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana taimakon mutane da yawa. Da an tambaye ni yadda safiyata take, da wataƙila an rage awon ko an duba wata hanya.

Yayanmu ne ya matsa mini in je sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma na daɗe ina ja da baya, domin a garinmu idan aka ga mutum a ƙofar wannan sashe, kafin yamma labari ya zagaya cewa ya taɓu. A can muka sami wani ma'aikacin jinya da ya ƙware a wannan fanni, wanda kowa ke kira Majo. Abu na farko da ya yi shi ne ya tambaye ni ko ina son Yaya ya zauna ko ya jira a waje. Na ji nauyin amsawa a gaban yayana, shi kuma ya lura, sai ya ce da shi: "Alhaji, ka ba mu ɗan lokaci, zan kira ka." Da haka ya ɗauke mini nauyin.

Binciken ya ɗauki lokaci. Ya sake auna tansiyo, ya tura ni awon jini domin ya tabbatar ba ƙarancin jini ko wani ciwo na jiki ne ke kawo kasalar ba, sannan ya yi mini tambayoyi tara da ake amfani da su a ƙasashe da yawa, waɗanda ke duba yadda mutum ya kasance a makonni 2 da suka wuce, kowace tambaya da makinta daga 0 zuwa 3, jimilla 27. Ta ƙarshe ita ce ko na taɓa jin gara in mutu, ko na yi tunanin cutar da kaina. Ya yi ta kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba, na kuma ba shi amsa ta gaskiya, cewa nakan yi fatan Allah ya ɗauke ni amma ban taɓa shirya komai ba. Ya kuma tambaya ko na taɓa shiga wani yanayi na rashin barci tare da yawan kuzari da surutu da ɓarnar kuɗi, ya bayyana cewa mai irin wannan tarihi ba a ba shi maganin damuwa shi kaɗai, domin yana iya tayar masa da ciwon. Ya tambaya ko ina shan taramol ko ƙwayar barci ta masu tallar magani a tire, na ce a'a. Makina ya faɗa a matsakaicin mataki.

Daga nan ya juya wata takarda ya ja layuka ya raba ta gida uku. A gida na farko ya rubuta magani, a na biyu ya rubuta zaman tattaunawa, a na uku ya rubuta duka biyun. Ya ce magungunan da ke hannunsa biyu ne: wanda na riga na sha, mai arha da kawo barci amma mai nauyi da busar da baki, da kuma fuloksetin, wanda ake sha da safe, ba ya kawo nauyin barci sosai, amma yakan sa tashin zuciya da ciwon kai a makonnin farko, kuma yana iya rage wa mutum sha'awar iyali. Ya ce duk wanda na ɗauka ba zan ga amfaninsa sosai ba sai bayan mako 4 zuwa 6, kuma ko na warke sai na ci gaba da sha na wata 9 zuwa 12, kamar yadda mhGAP, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ta tanada a bugunta na 2016. Game da tattaunawa kuwa, ya ce hanyar da ya koya ta samo asali ne daga wani tsari da hukumar ta wallafa a 2016, zama 5 ne, ɗaya a kowane mako, kowanne kimanin awa ɗaya da rabi, an gwada shi a Pakistan da Kenya an ga yana rage damuwa, amma yana bukatar in zo da ƙafata kuma in yi aikin da za a ba ni a gida. Sai ya ajiye biro ya ce: "Malam, wanne ka ga zai fi dacewa da kai?"

Tambayar ta ɓata mini rai. Na zo da ƙyar, kaina ya yi nauyi har zaɓen rigar da zan sa yana gagarata, sai ga wanda ya yi karatun abin yana mayar mini da hukunci. Na ce masa: "Majo, ai kai ne ka sani, abin da ka ga ya dace shi za a yi." Ya ce shi ya san magungunan da abin da suke yi a jiki, amma bai san ƙarfe nawa nake tashi ba, bai san abin da albashina ke iya ɗauka ba, bai san ko ranar Laraba da yamma ina da sarari ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ƙara da cewa a matakin da nake, hanyoyin biyu kusan ƙarfinsu ɗaya, don haka wadda zan iya riƙewa har ƙarshe ita ce ta fi. Na ce to idan ƙanensa ne a kujerata me zai ce masa. Bai kauce ba, ya ce zai ba shi shawarar ya fara da tattaunawa, su sake awo bayan an gama, amma idan ya fi son magani ba zai hana shi ba. Wannan amsa ce ta kwantar mini da hankali, domin na gane ba guje wa nauyi yake yi ba, yana da ra'ayi kuma a shirye yake ya faɗe shi.

Ya kuma fayyace abin da ba ya cikin zaɓina. Ya ce idan tunanin mutuwa ya koma shiri, ko na daina ci da sha gaba ɗaya, dole ya sanar da wani daga cikin iyalina ko na yarda ko ban yarda ba, kuma ya nemi in faɗi tun a lokacin wanda nake so ya zama mutumin. Na ambaci Yaya. Ya ce in tafi da takardar gida in yi shawara da wanda nake so, babu gaggawa.

A gida shawarar ta zama ta mutum huɗu. Yaya ya fi karkata ga magani, domin a ganinsa zance ba ya warkar da ciwo, kuma zuwa kowane mako zai sa mutane su gane. Inna ta ce abin da nake bukata shi ne addu'a da rubutun sha daga malaminta na Birni, ta kuma nuna tsoron kada ƙwaya ta zame mini jiki. Uwargidana ta yi shiru har suka watse, sannan ta ce: "Malam, tun rasuwar nan ba ka yi zancen marigayi da kowa ba, ko da ni." Maganarta ce ta sa na zaɓi tattaunawa. Da na koma na gaya wa Majo batun Inna ina tsammanin zai yi fuska, sai ya ce addu'a da karatun Alƙur'ani ba su ci karo da komai nasa ba, in ci gaba, abin da kawai yake roƙo shi ne duk wani jiƙo ko gari da za a ba ni in sha in fara nuna masa. Da na isar wa Inna da wannan, ta saki ranta, har ta zama ita ce mai tuna mini ranar zama.

Ko a cikin zaman kansa zaɓi bai ƙare ba. A na farko ya koya mini numfashi a hankali, in ja iska ta hanci har ciki ya taso ina ƙirga uku, in sake ta ina ƙirga uku, ya ce in zaɓi lokacin da zan riƙa yi, na zaɓi bayan sallar asuba da kafin kwanciya. A na biyu ya sa na lissafa matsalolina, muka ware waɗanda ba su da magani, kamar mutuwa, daga waɗanda ake iya taɓawa, sannan ya ce in ɗauki ɗaya. Na ga alamar shi ya so in fara da rashin barci, amma na ɗauki bashin shago, domin shi ne ke hana ni barcin. Muka rubuta duk hanyar da ta zo mini a rai, har da marasa kan gado, na tace, na tsayar da cewa ranar Alhamis, ranar kasuwa, zan je wurin babban mai bin bashin tare da Yaya mu nemi a raba biyan wata-wata. Na yi watanni ina kauce wa layin shagon mutumin nan. Da muka je ya shimfiɗa mana tabarma, ya yi wa marigayi addu'a, ya yafe wani kaso, ya amince da sauran a hankali.

Zama na uku ya shafi komawa ga ayyukan da mutum ya bari, domin ciwon damuwa yakan sa mutum ya janye, janyewar kuma ta ƙara ciwon. Ya ce in ambaci abu ɗaya ƙarami da a da yake mini daɗi. Na ce fada. Ya tambaya ko zan iya zama har a sha shayi na uku, na ce ba zan iya ba, sai ya ce to na farko fa. Haka na je bayan la'asar na zauna a gefen benci, mai dafa shayin yana fifita gawayi da guntun kwali, ya miƙo mini ƙaramin kofi mai kumfa ba tare da ya tambaye ni inda na shige ba, na sha mai ɗacin na yi sallama na tashi. A mako na gaba na kai na biyu. Sauran zaman sun tafi ne kan neman tallafin mutane da shirin abin da zan yi idan ciwon ya nemi dawowa.

Da aka sake awo makina ya sauka, amma bai sauka yadda muke so ba. Ina cin abinci, ina shiga mutane, sai dai farkawar tsakar dare da nauyin zuciya na safe suna nan. Majo ya fito da takardar nan mai gida uku ya ce lokacin sake zaɓe ya yi, kuma a wannan karo shawararsa ita ce a ƙara magani. Ban ji kamar na fāɗi ba, domin tun farko an gaya mini cewa za a iya zuwa nan. Na ƙi amitiriftilin saboda moto, kuma saboda azumi yana matsowa, ga zafin Damagaram da ke haura digiri 40 a bazara, ban ga yadda zan haɗa ƙishirwar azumi da ƙwaya mai busar da baki ba. Na ɗauki fuloksetin, miligiram 20 sau ɗaya a rana, muka yi shawara cewa idan azumi ya kama zan mayar da ita lokacin sahur. Tashin zuciyar ya zo kamar yadda aka faɗa, har na yi kwanaki ina shiga aji da ɗan lemun tsami a aljihu, kuma raguwar sha'awa ma ta zo, wadda na riga na sanar da uwargidana tun kafin in fara. Wahalar wannan ƙwaya a makonnin farko ba ta gaza ta waccan ba, amma wannan na san sunanta, na san abin da zai biyo baya da lokacin da zai lafa, kuma ni na ɗauke ta da hannuna, shi ya sa ban ajiye ta ba.

Da hankalina ya dawo na nemi karanta abin da masu bincike suka gano, domin in san ko halin Majo ne kawai ko kuwa abu ne mai tushe. Wani nazari na 2013 da ya tattara bincike 34 ya nuna cewa kimanin kashi 75 cikin 100 na mutanen da aka tambaya sun fi son jinya ta tattaunawa a kan magani. Wani kuma na 2018, wanda Joshua Swift da abokan aikinsa suka yi a kan bincike 53 da suka ƙunshi mutane fiye da 16,000, ya nuna cewa waɗanda aka ba irin jinyar da suke so sun fi tsayawa har ƙarshe, kuma sakamakonsu ya ɗan fi kyau. Fifikon sakamakon ba mai yawa ba ne, babban amfanin yana wajen rage masu gudu a tsakiyar hanya, kuma wannan ya yi daidai da abin da ya faru da ni. Sai dai yawancin waɗannan bincike a Amurka da Turai aka yi su, inda majinyaci ke yanke shawara shi kaɗai, alhali a wurinmu uwa da wa da mata duk suna da bakin magana, kuma ma'aikacin da bai bar wa wannan fili ba zai ga an karɓi shawararsa a ofis an warware ta a zaure.

Akwai wani zaɓi da na ƙi. Wata rana Majo ya tambaya ko zan yarda ɗaliban aikin jinya biyu su zauna su saurari zamanmu, ya ce idan na ƙi babu abin da zai canza a jinyata. Na ƙi, domin ɗaya daga cikinsu zai iya kasancewa tsohon ɗalibina, kuma bai sake tayar da zancen ba. Wannan ƙa'ida, cewa mutum na da ikon ƙin shiga bincike ko koyarwa ba tare da an hukunta shi ba, tana da tarihi tun daga ƙa'idojin Nuremberg na 1947 da sanarwar Helsinki ta 1964, waɗanda suka shafi binciken likitanci a jikin mutane. Mu da ke maƙwabtaka da Kano mun san abin da rashinta ke jawowa, domin a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200 a can, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba, kuma shari'ar da gwamnatin jihar ta shigar ta kai ga sulhu na dala miliyan 75 a 2009. Zargin da wannan ya bari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

A layin jira na ga iyakar abin da nake yabawa. Ni na zaɓi tattaunawa ne domin gidana na cikin gari, ina da moto, kuma direktanmu ya sassauta mini. Dattijon da na zauna kusa da shi ya taso ne daga wani ƙauye na yankin Tanut, kuɗin motarsa na zuwa da komawa ya fi kuɗin maganin wata, don haka ko an ja masa layuka uku a takarda, gida ɗaya ne kawai zai iya shiga. Na kuma ga mata da ake yi wa tambaya mazajensu na amsawa, ko da yake na lura Majo yakan nemi mijin ya je ya yanko tikiti ko ya sayo wani abu domin ya sami damar jin ta bakin matar. Wani abokin aikina da ya je bayana ya saurari bayanin duka ya ce shi ba ya son zance, a ba shi amitiriftilin domin barci yake nema kuma a ƙafa yake zuwa aiki, kuma ya samu sauƙi da ita.

Hukunci na ƙarshe da aka sa a gabana shi ne lokacin daina magani. Da wa'adin ya cika Majo ya ce za a iya fara janyewa a hankali, ba a yanke shi dare ɗaya ba, ya kuma bayyana cewa ciwon yakan dawo wa wasu, don haka in san alamominsa na farko. Lokacin ya faɗo daidai da shirin jarrabawar ƙarshen shekara, sai na nemi a jinkirta zuwa babban hutu, lokacin da ba ni da aji kuma ba na hawa titi da sassafe. Ya amince, ya rubuta sabuwar rana a katina, muka kuma tsayar da cewa uwargidana ce za ta riƙa lura da barcina da cin abincina a makonnin janyewar, kuma idan ta ga farkawar dare ta dawo mako 2 a jere za mu koma wurinsa ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba.